Saƙa kan saƙa: tambayoyi da amsoshi kan fallayen da kaurinsu zarra ɗaya ne

Ina koyar da fizik a wani lise a nan Yamai. Tun ranar da na shiga aji riƙe da fensir da sikoci, na ce wa ƴan ajin ƙarshe da irin waɗannan aka ci kyautar Nobel, ban ƙara hutawa da tambayoyi ba. Wasu a aji, wasu ta WhatsApp, wasu a fadarmu da dare ana jiran shayi na biyu. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, na haɗa su wuri guda don in huta da nanatawa.

Mushe, wane irin abu ne ake cewa kaurinsa zarra ɗaya?

Ɗauki fensir. Baƙin da ke cikinsa girafit ne da aka cuɗa da yumɓu, girafit kuwa tsantsar kabon ne, ɗan uwan gawayi. Abin da ya raba su shi ne jeri. Girafit falle-falle yake, kamar rim ɗin takarda. Cikin kowane falle zarrori sun riƙe juna gam, gida-gida mai kusurwa shida irin na saƙar zuma. Tsakanin falle da falle kuwa riƙon sako-sako ne. Shi ya sa fensir ke rubutu: kana jan sa, fallaye na zamewa suna zama kan takarda.

Falle ɗaya tak shi ake kira girafin. Kaurinsa wajen nanomita 0.34 ne, nanomita kuwa ita ce milimita an kasa ta kashi miliyan. Girafit mai kaurin milimita ɗaya na ɗauke da fallaye kusan miliyan 3. Duk gwanintar mai kilishi wajen yanka nama siriri, in aka ajiye fallensa kusa da wannan, katanga ne.

Ba girafin kaɗai ba ne. Akwai MoS2, wanda kanikawa sun san shi ba tare da sun san sunansa ba, don yana cikin baƙin man giris da suke cusawa a kardan na mota. Shi samikondakta ne, wato ana iya buɗe masa hanyar kuran a kuma rufe. Akwai h-BN, da ake wa laƙabi da farin girafin, shi ba ya barin kuran ya wuce ko kaɗan. Akwai WSe2 da WS2, akwai CrI3 da aka nuna a 2017 cewa falle ɗayansa ma maganaɗisu ne.

To mece ce “saƙa kan saƙa”?

Sunan da na laƙaba wa abin da masu Ingilishi ke cewa sufalatis, masu karatu da Faransanci kuma su ce sufar-rezo. Dubi luru. Zarensa na da tasa saƙar, sama da ƙasa, sama da ƙasa, ƙanana ƙwarai. Sai masaƙi ya ɗora wani tsarin a kai: ratsin baƙi, ratsin fari, ratsin baƙi, yana ta maimaitawa. Haka abin yake a nan. Zarrori na da jerinsu na asali da ke maimaita kansa a ƙasa da nanomita ɗaya, sai mutum ya ƙara wani jerin mafi faɗi a bisa. Ilektron, ƙwayar da ke ɗauke da kuran, tafiyar igiyar ruwa take yi, don haka tana jin wannan babban jerin, kuma halinta yana sauyawa da shi.

Dabarar ta girmi girafin nesa ba kusa ba. Leo Esaki da Raphael Tsu na kamfanin IBM a Amurka ne suka kawo ta a 1970, da samikondakta irin su GaAs da ake feshe su sashe bisa sashe cikin wata na'ura da aka zuƙe iskarta. Matsalar ita ce dole tazarar zarrorin abubuwan biyu ta kusan zama ɗaya. In ba haka ba, kamar magini ne ya haɗa bulo mai girma biyu a sahu ɗaya, bango sai ya tsage. Fallayen nan sun kawar da wannan sharaɗi, tunda babu wata zarra da ke neman abokiyar ɗauri a sama ko a ƙasa. Ka ɗora wanda ka ga dama kan wanda ka ga dama.

Wani ɗalibina mai son gardama ya ce ai falle biyu kaɗai ba su isa a kira su haka ba. Yana da gaskiya. Sai an sami maimaici: ko a jera A, B, A, B a tsaye, ko a yi ratsi-ratsi cikin falle ɗaya a kwance, ko kuma a karkata falle kan falle har zane ya fito. Na ukun nan shi ya fi tayar da ƙura, za mu zo kansa.

In ba gam, me ke riƙe su?

Abin da ke riƙe tsaka a jikin bango. Wani ɗan jan juna ne mai rauni da ke tsakanin kowane abubuwa biyu da suka matsu sosai, ana kiran sa da sunan Johannes van der Waals, masanin ƙasar Holan da ya ci Nobel a 1910. Ƙafar tsaka cike take da ƴan gashi masu rassa, su ke ba ta damar matsar bango har wannan ƙarfin ya kama. Fallayen kuwa shafaffu ne sumul, duk jikinsu yana taɓa juna.

Da gaske da sikoci aka yi, ko dai almara ce ta malamai?

Gaskiya ce. A 2004, a Jami'ar Mancesta ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov sun manna sikoci kan girafit, suka ɓare, suka sake mannawa suka sake ɓarewa, kowane karo abin na ƙara sirancewa, sannan suka danna shi kan farantin silikon. An ba su Nobel a 2010. Geim ɗin nan dama mutum ne mai wasa da ilimi, a 2000 an ba shi wata kyautar barkwanci saboda ya sa kwaɗo ya yi lilo a iska da ƙarfin maganaɗisu.

Ɓarewar ba ita ce wuya ba, ganin abin ne. Falle ɗaya na shanye kashi 2.3 cikin ɗari ne kawai na haske. Sa'arsu ita ce silikon da suka yi amfani da shi na da wata ƴar fata ta oksid mai kaurin nanomita 300, wadda ke sa fallen ya fito da ɗan bambancin launi a madubin ƙara girma. Har gobe haka ake yi: ɗalibi ya zauna awoyi yana zagaya faranti da ido, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Yaya ake ɗora su kan juna?

Wani mai gyaran salula a kasuwar Katako ne ya yi min wannan tambaya, na ce masa kai ka fi kowa kusa da amsar. Na sha tsayawa ina kallon sa yana manna gilashin kariya. Ya goge fuskar waya, ya hura, ya sake gogewa, ya ɗora gefe ɗaya, ya bar gilashin ya kwanta a hankali yana korar iska gaba. In hunturu ne, ƙwayar ƙura ɗaya ta faɗa, sai kumfa ta tsaya a tsakiya, ya yi tsaki ya ɗaga. To wannan aikin ne, sai dai fallen da ake mannawa faɗinsa bai kai kaurin gashin kai ba.

Ana yin ɗan tambari: gilashi, a kansa ɗan curin roba mai taushi, an lulluɓe shi da fatar leda siririya mai ɗanko. Ana sauke shi a hankali ƙarƙashin madubi har ya taɓa fallen h-BN, a ɗan ɗumama, a ɗaga, fallen ya biyo. Sai a kai wannan h-BN kan girafin. Girafin ya fi son h-BN a kan farantin da yake kwance, sai ya bi shi. A haka ake tsinto falle bayan falle, kuma leda ba ta taɓa na ciki. A ƙarshe a sauke duka kan wani h-BN ɗin, a narkar da ledar a zafin wajen digiri 180, a wanke. Masu bincike a Jami'ar Kolombiya ta Niyok ne suka fito da wannan hanya a 2013, tare da dabarar haɗa wayoyin ƙarfe ta gefen fallen kaɗai.

Me ya sa ake sa girafin tsakanin h-BN biyu kamar nama cikin burodi? Don ya kwanta sumul, datti ya yi nesa da shi. Abin mamaki, mafi yawan h-BN mai kyau da ɗakunan bincike na duniya ke aiki da shi daga hannun mutum biyu yake fitowa, Kenji Watanabe da Takashi Taniguchi na cibiyar NIMS a Tsukuba ta Japan. Suna dafa shi cikin wata gagarumar na'urar matsi, su aika wa masu bincike, shi ya sa sunansu ke kan takardun bincike fiye da dubu.

Wasu fallayen, irin su baƙin fosforas da CrI3, iska da raɓa na lalata su, sai a cikin akwatin da aka cika da iskar argon ake taɓa su, hannu cikin dogayen safar roba.

Mene ne zancen karkatawa da ake ta yi?

Yau da dare ka ninka sange biyu, ka ɗaga wa fitila. Za ka ga wasu manyan zane-zane masu duhu da haske da babu su a kowane ɗaya daga cikin fallayen biyu. Ka ɗan murɗa ɗaya, zanen ya tsuke ko ya buɗe. Haka in ka ɗauki hoton telebijin da salula. Sunansa muware, kalmar Faransanci ce ta wani yadi mai walƙiya kamar ruwa.

Girafin biyu ma raga biyu ne. In aka karkata ɗaya kan ɗaya, muware ya fito, kuma shi ne babbar saƙar. Iya ƙanƙantar karkatar, iya faɗin zanen. A 2011 Rafi Bistritzer da Allan MacDonald na Jami'ar Tekzas a Ostin suka yi lissafi, suka gano cewa a wajen digiri 1.1 wani abu na daban zai faru. Ilektron a girafin na gudun kilomita kusan 1,000 a daƙiƙa, amma a wannan kusurwar sai su kusan tsayawa cik.

Ka tuna gadar Kennedy. Da asuba kowane direba harkar gabansa yake yi. Da yamma an tashi daga aiki kuwa, ba ka motsawa sai na gabanka ya motsa, mai kabu-kabu ɗaya ya gitta, sahu duka ya ji a jikinsa. Ilektron da suka rage gudu haka suke zama: turin da suke wa juna shi ke mulki, sai su fara abu a jam'i. A 2018 Pablo Jarillo-Herrero da ɗalibinsa Yuan Cao a jami'ar MIT ta Amurka suka haɗa abin da hannu. A sanyin kelbin 1.7, wato digiri 271 ƙasa da sifili, kuran ya ratsa shi ba tirjiya ko ɗis. Da suka ɗan juya boltej, abu guda ɗin ya koma mai tare kuran gaba ɗaya. A ganina wannan na biyun ya fi na farkon ban mamaki. A da, in kana son sauya halin abu haka, sai ka koma tanda ka dafa sabo da wani haɗin. Yanzu maɓalli kawai ake murɗawa. An ba Jarillo-Herrero da MacDonald da Bistritzer kyautar Wolf a 2020.

Digiri 1.1 ɗin nan nawa ne? Ɗauki kara biyu masu tsawon mita ɗaya, haɗa gindinsu, buɗe kawunansu santimita 2. Ko ka dubi dogon hannun agogo, tafiyarsa ta daƙiƙa 11 ke nan. Don a same ta daidai, ana yaga falle ɗaya ne gida biyu, a ɗauki rabi, a juya faranti kaɗan, a ɗora kan ɗaya rabin, dabarar da aka fito da ita a Ostin a 2016. Kuma fallayen na da taurin kai, in suka ji zafi suna son murɗawa su koma daidai da juna, shi ya sa ake ɗan zarce kusurwar da gangan.

Na ji ana ce mata kusurwar sihiri. Akwai tsafi a ciki?

Babu, Hajiya. Suna ne kawai da masu lissafin suka sa mata. Abin da ya rage shi ne dalilin da ke sa ilektron su yi wannan tafiya ba tirjiya, a kansa masana ke ta muhawara har yau.

Ke nan za mu sami wayar kuran da ba ta asara?

Ba da wannan ba. Kelbin 1.7 daidai yake da digiri 271 ƙasa da sifili. Mu da ke ganin sama da 40 a watan Afrilu, sai mu yi haƙuri. Tun 1911 Heike Kamerlingh Onnes ya ga irin wannan hali a zaiba a birnin Laidin, kuma har yau sanyi ne sharaɗinsa. Amfanin girafin karkatacce shi ne ya zama filin gwaji mai sauƙin sarrafawa, inda ake fatan gane sirrin, wataƙila a kai ga abin da zai yi aiki a zafi mafi kusa da namu.

Sikoci ai ba zai ciyar da masana'anta ba. Akwai wata hanya?

Akwai, kuma a nan ne tuwon yake. A 2009 ƙungiyar Rodney Ruoff a Ostin ta nuna cewa in aka hura iskar metan kan fallen tagulla a zafin wajen digiri 1,000, kabon na kwantawa falle ɗaya ya rufe ta. Shekara guda bayan haka, a Koriya ta Kudu, aka yi mai faɗin inci 30. Irin wannan dafuwa da tururi ita ake yi wa MoS2 da ƴan uwansa. In ana sauya tururin ana cikin dafuwa, sai falle ɗaya ya fito da ratsi-ratsi na WS2 da WSe2 a ɗinke, luru sosai, kamar yadda ƙungiyar Jiwoong Park ta nuna a 2018.

Ƙungiyar Xiangfeng Duan a Los Anjalas ta zo da dabaru biyu da nake so. A 2018 sun cusa ƙwayoyin wani sinadari tsakanin fallayen baƙin fosforas, abin ya kumbura ya zama falle, sinadari, falle, sinadari, ba tare da an ɗaga ko ɗaya ba. A 2021 kuma suka shimfiɗa falle biyu daban-daban suka naɗe su kamar tabarma. In ka yanka naɗin a gicciye, A, B, A, B za ka gani, kamar ka raba albasar Galmi.

Sai dai abin da aka dafa da faɗi yakan zo da tabo da ɗinki da yamutsa, bai cika kai na sikoci tsabta ba. Kuma samun kusurwa ɗaya daidai a duk faɗin faranti, sau dubbai, ba a kai can ba tukuna. Ko a ɗaki ɗaya, hannu ɗaya, samfuri biyu ba su cika fitowa iri ɗaya ba.

Akwai irinsa a halitta?

Akwai. Wani dutse mai suna farankit, da aka fara samu a Boliviya, fallaye iri biyu ne ke bin juna a cikinsa tun daga ƙasa. Akwai kuma wanda ke aljihunka: batirin salula na da girafit, in kana caji litiyam na kutsawa tsakanin fallaye, kuma da tsari yake shiga, yana tsallake wasu gibin a jere kafin ya cika su duka.

Yau ɗin nan, me yake amfana mana?

A raba biyu. Tsohuwar dabarar jera siraran sassa ta daɗe a gidajenmu. Fitilar LED da ke haska mai shayi, zuciyarta sassa ne na nanomita kaɗan da ke bin juna. Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus sun gano a 1988 cewa siraran sassan ƙarfe da kuromiyam na sauya tirjiyarsu sosai kusa da maganaɗisu, abin da ya ba faifan ajiyar kwamfuta damar ɗaukar kaya masu yawa, ya kuma ba su Nobel a 2007. Akwai kuma leza mai irin waɗannan sassa, ta 1994 daga ɗakin binciken Bell Labs na Amurka, da ake auna iskar gas da ita.

Sabbin fallayen kuwa yawancinsu na ɗakin bincike. Inda aka fi sa rai shi ne taransista, ɗan makunnin nan da ke buɗe wa kuran hanya ya rufe a cikin na'urori, domin silikon in ya sirance ƙwarai aikinsa na lalacewa, MoS2 kuwa da kaurin nanomita 0.65 yake aikinsa lafiya. An yi taransistansa na falle ɗaya a Lozan ta Suwizalan a 2011. A 2017 a Biyana aka haɗa ƙwaƙwalwar kwamfuta mai taransista 115, a 2025 Jami'ar Fudan ta Shanghai ta kai 5,900. Ta salularka na da biliyoyi. Ana kuma gwada su a na'urorin gano haske, da ma'ajiyar bayanai, da matatar da ke raba gishiri da ruwa. Fanon sola kuwa, na silikon da ke Gorou Banda da Malbaza sun fi su nesa a yanzu.

Na ga batir a kasuwa an rubuta girafin a jikinsa. In saya?

Ni ma na taɓa sayen wani abin cajin salula don wannan rubutun, wata uku ya yi ya kumbura. In ma da girafin a ciki, gari ne aka barbaɗa don kuran ya fi gudu ko zafi ya ragu, ba shi da haɗi da saƙar da muke magana. Dubi ƙarfin batirin da nauyinsa, ka tambayi garanti, ka manta da rubutun.

Gawayinmu fa, ko kwal ɗin Salkadamna da Anu Araren?

Kabon ne, amma a hargitse, kamar takardun da akuya ta tattaka. A 2020 ƙungiyar James Tour a Jami'ar Rice ta nuna ana iya mai da kwal, har da sauran abinci, garin girafin da tartsatsin kuran mai zafin wajen digiri 2,700. Garin na da amfani a siminti da roba, amma ba a jera saƙa da shi.

Ɗalibi a Yamai ko Tawa, ta ina zai shiga?

Aunawar ita ce mai tsada: firjin hiliyam, ɗaki marar ƙura, kuran da ba ya ɗaukewa. Amma ka lura, kusurwar nan da lissafi aka fara gano ta, shekara 7 kafin a gan ta. Wanda ya riƙe lissafi da fizik da kyau a Jami'ar Abdou Moumouni, wadda sunanta ma na masanin fizik ne da ya ba makamashin rana rayuwarsa, ya kuma koyi rubuta manhaja, zai iya fitar da lissafin Bistritzer da MacDonald a kwamfutar cinya.

Kafin nan ga aikin gida. Ka goga fensir mai taushi kan takarda har layin ya yi ƙyalli, ka ari mita wajen mai gyaran rediyo ka auna tirjiyarsa, ka ƙara gogawa ka sake aunawa. Sannan ka je wurin masu fotokofi a Harobanda su buga maka saƙar zuma iri ɗaya kan leda mai gani biyu, ka ɗora su kana murɗawa. Faɗin zanen shi ne tazarar gida ɗaya a raba da kusurwa. Ta girafin nanomita 0.246 ce, kusurwa digiri 1.1, amsa ta kusan nanomita 13. Wanda ya sami 0.22, ya manta bai mai da digiri radiyan ba, ya sake.